Shekarar Da Na Ƙi Cin Tozo

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya bar mini numfashi har na kai ga rubuta wannan. Na san abin da kuke faɗa a bayana, ku 'ya'yana. Ba sai an kawo mini tsegumi ba, ina ganinsa a fuskokinku duk ranar sallah, in kun taru aka rasa mutum ɗaya a kan tabarma. Kuna cewa Inna ce ta kori Yaya Babba daga gida saboda awara. To, tunda abin ya zama labari har jikoki suna ba juna, gara ku ji shi daga bakin mai shi. Karatun manya da na yi bayan na tsufa bai kai in yi rubutu mai kyau ba, amma ya kai in faɗi gaskiya. Kuma ku sani tun yanzu, ba neman gafara na zauna yi ba.

Daga Korgom aka kawo ni gidan babanku, nan ƙauyenmu na ƙasar Sarkin Hausa. Gidanmu manoma ne, nama sai sallah ko suna. Na shigo gidan mahauta na tarar kowace ranar kasuwa tukunya sai ta yi maiƙo. Gidan yana da tsarinsa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Tsoka ta faifan kasuwa ce, ba ta dawowa gida. Abin da ke dawowa shi ne ƙashi da kayan ciki da kitse. Ƙashi da kayan ciki na matan da ke haihuwa ne da yara. Kitse kuwa na manyan mata ne, waɗanda jinin al'ada ya ɗauke musu. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, takan ce mace ta gama haihuwa, ta gama wahala, haƙora sun fara girgiɗi, to a ba ta abu mai laushi ta huta. Kuma jikin tsohuwa shi ne shaidar mazan gida. In ta yi ƙiba tana sheƙi, a ce mijinta da 'ya'yanta suna riƙe da ita. In ta rame, mahauci ba shi da bakin magana a kasuwa.

Yaya Mariya, matar wan babanku, ta riga ni shiga sahun masu kitse da shekara shida. Manyanku za su tuna ta, mace mai dariya, in ta zauna a turmi sai turmin ya ɓace. Kowa yana sha'awarta, har da ni. Wata safiya tana alwala buta ta suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace, ta zame ƙasa. Aka ce iska ce ta buge ta, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu. Shekara biyu tana kwance ɓari guda ba ya motsi, kuma ni nake juya ta, ni nake wanke ta. Ba ta iya magana, amma duk lokacin da na ɗaga zanenta zan share ta sai ta juya kai bango, hawaye na bin kunnenta. Wanda bai yi wannan jinya ba bai isa ya koya mini tsoro ba.

Ba a daɗe da rasuwarta ba ni ma jinina ya ɗauke. Na fara jin zafi yana taso mini daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe ni ko da sanyi ake. Sai ga kwanon kitse ya sauka a ƙofar ɗakina. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Shekara talatin ina gwaigwayar ƙashi a gidan nan, yau ni ce ake wa sallama da kwano a hannu. Na ci na suɗe yatsu, na yi kumatu, babanku yana dubana yana murmushi. Bayan kamar shekara guda sai ƙeya ta fara yi mini nauyi, kunne na ƙara, in na ɗauko ruwa daga fanfo zuciya ta riƙa bugawa har ina jin ta a wuya. Ranar nan muna roron wake a gona na ga duhu ya rufe ni. Aka ɗora ni a amalanke aka kai ni likita.

Majo, wato babbar ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da likitar lokacin, mace ce, 'yar Tasawa, gajeruwa, ba ta da yawan wasa. Ta ɗaure mini hannu da abin awon jini ta hura, ta duba, ta sake hurawa.

"Inna, tansiyonki ya hau ƙwarai, hawan jini ne. Kina ganin wata har yanzu?"

Na ce ya fi shekara rabona da shi. Ta tambaye ni abin da nake ci, na lissafa mata da alfahari. Ta ajiye abin awon ta dube ni.

"Ki saurara da kyau. Lokacin da mace ke ganin wata, akwai abin da ke jikinta shina tsare mata jijiyoyin jini. In wata ya ɗauke, tsaron nan ya ragu. To daidai lokacin da zuciyarki ta rasa mai gadi, shi ne kunka zaɓa ku loda mata kitse da gishiri."

"To mi zan ci, ɗiyata? Gidan mahauta nike."

"Ga ƙwaya, ki sha kullum, kar ki tsallake. Ki rage gishiri da dunƙulen miya. Kitse ki bar shi. In kina son abin da zai tsaya miki matsayin nama, ga wake, ga waken suya, ga awara. Ba magani ba ce hwa, kar ki tahi ki ce majo ta ce awara na warkar da zuciya. Abinci ce da ba ta ɗora ma zuciya irin kayan da kitse ke ɗorawa."

Nan na yi wautar da har yau in na tuna nake dariya. A duk cikin maganarta, kunnena awara kawai ya riƙe. A ƙauyenmu Atu ce mai awara, maƙwabciyarmu, wadda ta koyo sana'ar wajen 'yan'uwanta a Maraɗi. Kullum da la'asar sai in aika a karɓo mini, an soya ta cikin mai tana ɗiga, an barbaɗe ta da yaji mai gishiri. In cinye tas in ce na sha magani. Ranar kasuwa kuma in an kawo kwano, in ce to loma ɗaya don kar a ji haushi. Da wata ya cika na koma likita ina taƙama. Majo ta auna, ta tambaye ni, na ba ta labari. Ta dafe kai.

"Inna, cewa na yi ki musanya. Ke kuma kin ƙara. A da kitse kike ci, yanzu kitse da mai da gishiri."

Na ji kunya, kuma kunyar ta yi mini amfani. Na je wajen Atu na ce ta koya mini tun daga farko. Ita ta nuna mini yadda ake jiƙa waken suya ya kwana, a kai inji a markaɗa, a tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗora ruwan a wuta. In ya tafasa a zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan har ya dunƙule ya rabu da ruwa, a juye a ƙyalle a danne da dutse. Tawa ba na soyawa. Ina yanka ta in jefa cikin miyar yakuwa ko ta kuka, ko in marmasa ta cikin kwaɗon zogale. Ranar farko ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan, kamar ina tauna auduga. Amma na iya miya, kowa ya sani, kuma da daddawa da tafarnuwa da citta na shawo kanta.

Babanku ya leƙo ya ga dutse a kan ƙyalle, ya tambayi abin da ake dannewa. Da na faɗa masa sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Habsu, a gidan Sarkin Hwawa ake dahwa naman ƙarya? Abin 'yan mata da 'yan makarantar lakwal?"

"Shi zan ci, Malam."

"Ci abinki. Amma cikin ɗaki. Kar a ji a waje, kuma in yara sun kawo miki kwano kar ki maida musu."

Mutumin kirki ne babanku, amma ya fi tsoron bakin kasuwa da ciwo. Haka na zauna wata da watanni, awara a ɓoye kamar ta sata, kitse a fili. Ku da kuke cewa loma ɗaya ba ta kashe mutum, na yarda. Amma gidan nan ba a loma ɗaya. Babanku ya kawo, in ci loma ɗaya. Ƙaninsa ya kawo, ya tsaya a kaina sai na taɓa. 'Ya'yan wansa su kawo, su ce ai kin ci na Baba, mu ne ba kya so? Kasuwa uku muke ci a mako. Kowa da lomarsa ɗaya, ciki kuwa nawa ne ni kaɗai.

Yanzu zan faɗa muku abin da ba ku sani ba. Ana saura kwana goma sha biyu bikin miƙa wa Babba wuƙa, na fito alwalar asuba, na ɗauki buta, sai ta faɗi. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi. Ina kallonsa, nawa ne, amma ba ya jin maganata. Na buɗe baki in kira wani, harshe ya yi nauyi. Na zauna a ƙasa cikin ruwan da ya zube, ba abin da nake gani sai Yaya Mariya da fuskarta a bango. Kafin rana ta ɗaga hannun ya dawo. Ban faɗa wa kowa a gida ba, don na san hayaƙi za a kunna mini. Na lallaɓa gidan Atu, mijinta ya ɗauke ni a moto, wato babur ɗinsa, zuwa likita, majo ta ce kar in sauka ma, a wuce da ni Mayahi. A gida na ce gaisuwar mutuwa na je. A Mayahi aka duba ni aka canza mini ƙwaya, aka ce gargaɗi ne, kuma ba kowa ake yi wa sau biyu ba. A kan hanyar dawowa na yi wa kaina alkawari: an gama. Ba loma ɗaya, ba rabin loma, ko wa ya kawo.

Kun san al'adar gidanmu. In ɗa ya isa, uba ya miƙa masa wuƙa, ya sayi sansa na farko ya yanka da sunansa. Ya cire tozo ya gasa da hannunsa, ya ɗauko a faifai, mahauta na biye da shi, ana kaɗa kalangu, ya durƙusa gaban uwarsa. Ita za ta fara ci a gaban jama'a, sannan ta sa albarka, sannan ya buɗe faifansa a kasuwa. Ga kowane ɗa wannan babbar rana ce, amma ga Babba ta fi haka. Ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, in ya faɗi yana kuka sai in kau da kai wata ta ɗaga shi. Haka aka koya mana, kuma na bi. Wannan ita ce rana ɗaya a duniya da aka yarda in nuna a fili cewa ni na haife shi. Ya san haka, ni ma na sani. Kada wani ya ce ban san nauyin abin da na yi ba.

Suka shigo da hantsi, gida ya cika. Ya durƙusa ya ajiye faifan. Tozon yana tsiyayar mai, ya barbaɗe shi da gishiri da yaji yadda ya san ina so. Bai ɗaga kai ba, amma ina ganin kunnuwansa suna motsi don murna. Na ɗora hannu a kansa, karo na farko tun yana jariri, na fara sa albarka. Wani dattijo cikin mahauta ya tare ni.

"Uwar ɗaki, ci ake farawa da shi."

"Na sa albarka. Albarka ba a cikin tozo take ba."

Kalangu ya yi shiru. Babanku ya matso kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa.

"Habsu, ko ƙanƙane. Ki taɓa ki kai baki. Dibi mutane."

Sai Babba ya ɗago, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Inna, na ƙanen Baba kina ci. Nawa ne ba ki ci?"

Da na yi shiru a nan, wataƙila da an rufe abin. Amma wani daga baya ya ce, ai tun da ta koma cin awara ta raina naman gida. Aka yi dariya. Kun san halina, in aka yi mini dariya kaina juyawa yake. Na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko kwanona na kwaɗon zogale da awara, na dawo na zauna a gaban mahautan ƙasar nan kaf, na sa hannu.

"Ga abin da nike ci, kowa shi gani. Mariya kunka ciyar da kitse har kunka kwantar da ita, kuma ba wanda ya zo ya taya ni wanke ta cikinku. Ni ba za ku kashe ni da kirki ba."

Babba ya ɗauki faifansa ya fita. Ba a sake kaɗa kalangu ba ranar. An ce a kasuwa bai ɗaga kai ya kira mai saye ko ɗaya ba, kuma har aka watse ana nuna shi da baki, ga wanda uwarsa ta zaɓi awara a kansa. Da aka yi kaka ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya koma Mayahi. Daga baya na faɗa wa babanku maganar buta. Ya ce bari ya je ya gaya wa yaron. Na hana shi. Na ce uwa ba ta kai wa ɗanta shaida kamar a gaban alƙali, in bai yarda da ni haka nan ba, ya bari. Babanku ya riƙe mini sirrin har ya koma ga Allah. Daga ranar kuma bai sake cewa in ci abincina a ɗaki ba, kuma shi da kansa yake tare masu kwano a zaure.

Shekara goma sha uku ke nan. Na rame, an yi ta magana, maganar ta gaji ta kwanta. Ina shan ƙwayata kullum, ina zuwa awo, ina tafiya gona da ƙafata, kuma dutsen nan yana kan ƙyalle sau biyu a mako. Ba zan ce muku awara ce ta raya ni ba, Allah ne ke rayawa, kuma majo ta hana ni wannan magana tun farko. Abin da na sani shi ne har yau ni nake ɗaura zanena, ni nake zagayawa bayan gida, ba wanda ya taɓa juya ni. Wasu matan mahauta da suka yi mini dariya ranar nan sun zo daga baya, ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar yawan ruwan tsamin da ake zubawa. Na koya musu, amma sai da na sa kowacce ta tace da hannunta. Ke kuma Rabi, na ji kin fara gumin nan, kuma gidan mahauta kike aure. Ki je a auna ki, kada ki jira duhu.

Ba na cewa na ci riba ba asara. Na rasa ganin 'ya'yan Babba suna girma. Yana zuwa rana ta uku ta sallah, ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa, a kawo masa ruwa ya ce ya ƙoshi. Bai sake cin abin da ya fito daga tukunyata ba. In ya juya zai tafi ina bin ƙeyarsa da kallo, na ga furfura ta fara fito masa, na ga wuyansa ya yi kauri irin na babansa, kuma ina jin tsoron da ba ni da hanyar faɗa masa. Ina kewarsa. Na rubuta, ku karanta, ba na jin kunyar wannan.

Laifi ɗaya na yarda da shi. Maganar da na yi da kwano a hannu ta mahauta ce, amma a kansa ta sauka, a ranarsa, kuma shi bai yi mini komai ba sai kirki. Wannan na ɗauka. Amma ƙin ci ban yi nadamarsa ba, ko sau ɗaya. Da na ci nasa, da na ci na kowa, kuma da yanzu ba wannan takarda kuke karantawa ba, da kuna rabon kwana kan wadda za ta wanke ni.

Ku kai masa wannan Mayahi. Kada ku gyara, kada ku tsallake wurin buta, kada kuma ku ƙara da cewa Inna ta yi laushi, don ban yi ba. Ku ce masa in ya gasa tozo gobe ya kawo, ba zan ci ba. Amma ya kawo. Ya shigo har cikin ɗaki, ya zauna ya ci abinsa a gabana, ni in ci nawa, tun ina da hannun da zan ɗora masa a ka.